Wai AI basira ce da ita da gaske, ko aku ce kawai?

Wani ƙanena mai rubuta waƙoƙi ya turo min tambaya. Ya ce ya sa ChatGPT, manhajar AI (ƙirƙirarriyar basira) da ake hira da ita, ta rubuta masa waƙa a kan damina, kafin ya ƙifta ido ta zubo masa baiti goma, shi kuwa baiti goma sai ya yi sati yana fama da su. Ya ce Yaya tunda wannan fanninka ne ka faɗa min gaskiya, abin nan basira ce da ita da gaske har tana iya ƙirƙirar sabon abu, ko kuwa aku ce tana maimaita abin da ta ji, don wallahi jikina ya yi sanyi.

Toh ƙanena, amsar da ɗan tsawo, ka daure ka karanta. Na jima ina koyar da ilimin kwamfuta kuma ina cikin masu aikin koya wa irin waɗannan na'urori Hausa, abin da na lura shine mutanenmu sun rabu gida biyu, wasu sun ɗauke ta kamar wani aljani da ya san komai, wasu kuma sun raina ta sun ce ai kwafe-kwafe ne kawai. Ni dai ban yarda da ko ɗaya ba, kuma zan faɗa maka dalili.

Da farko ka lura da wani abu, Bature ya ɗauki kalma ɗaya tal, wato "intelligence" da ke cikin sunan AI, ya jibga mata kaya, mu kuwa a Hausa kayan a rarrabe suke. Muna da wayo, muna da dabara, muna da hazaƙa, da basira, da fasaha, da hikima, sannan ga hankali. Yaro zai iya zama mai hazaƙa ya cinye lissafi ɗari bisa ɗari amma a gida a ce yaron nan ba shi da hankali, saboda bai san abin da ya kamata ba. Ɓarawo yana da wayo amma ba wanda zai kira shi mai hikima. Saboda haka in ka ce min tana da basira, sai na tambaye ka wanne kake nufi a cikin waɗannan, don wasu tana da su har ta fi mu, wasu kuma ko ƙofarsu ba ta je ba.

Bari ka ji yadda ake yin ta tukuna, don rabin tsoron daga rashin sanin nan yake zuwa. Ana tara rubutu mai yawan gaske, littattafai da jaridu da abin da mutane suka zuba a intanet, sai a riƙa ba na'urar jimla ana ɓoye abin da ke gaba a ce ta canka. Misali a ba ta "gani ya kori" a ce me ke biye, in ta ce "ji" ta ci, in ta ce wani abu daban sai a ɗan murɗa wasu lambobi da ke cikinta yadda gobe za ta fi kusa da daidai. Lambobin nan ka ɗauke su kamar maɓallan rediyo da ake murzawa ana neman tasha, sai dai su biliyoyi ne, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a 2020 mai suna GPT-3 tana da biliyan 175. Haka za a yi ta yi ba dare ba rana na tsawon watanni, bayan nan kuma a sa mutane su riƙa duba amsoshinta suna zaɓen wadda ta fi kyau. Tsarin da yawancinsu ke tafiya a kai masu bincike a Google ne suka fitar da shi a 2017, ita kuma ChatGPT an sake ta ga jama'a ranar 30 ga Nuwamba 2022.

A nan ne masu cewa aku ce suke samun ƙarfi, su ce ai ka ji, canken kalma ne kawai. Har akwai masana da suka kira irin waɗannan na'urori da aku a wata takarda da aka yi ta magana a kanta a 2021, cikinsu akwai Emily Bender da Timnit Gebru, kuma gargaɗinsu yana da amfani sosai. Amma ka yi tunani, in na ba ka labari mai shafi ɗari na sata da aka yi a wani gida, na tsaya a inda alƙali zai ce wanda ya yi satar shine wane, na ce ka canki sunan, za ka iya ba tare da ka bi wa ya shiga ɗakin, wa ya yi ƙarya, wa yake da mabuɗi ba? Ba za ka iya ba. Canken da ya yi kyau dole ya tilasta maka riƙe zaren magana. Kuma ba ajiye rubutun take yi kamar sito tana ɗebowa ba, galibi abin da ya rage a cikin lambobin nan shine alaƙa tsakanin abubuwa, shi ya sa za ka iya yi mata tambayar da ba wanda ya taɓa rubutawa ta amsa. Aku in ka koya masa sallama, sallamar zai yi ta yi ko ana zaman makoki, ba zai taɓa haɗa maka sabuwar jimla ba.

Maganar ko na'ura za ta iya kawo sabon abu tsohuwa ce fa. Tun 1843 wata 'yar Ingila mai suna Ada Lovelace, tana rubutu a kan injin lissafin da Charles Babbage ya zana, ta ce injin ba zai ƙago komai da kansa ba sai abin da muka san yadda za mu umarce shi. Bayan sama da shekara ɗari, a 1950, masanin lissafi Alan Turing ya ɗauko wannan magana tata ya amsa, ya ce shi dai na'urori suna ba shi mamaki sau da yawa. Ni a ganina abin da ya raba gardamar nan ya faru ne a watan Maris na 2016 a birnin Seoul na Koriya ta Kudu.

Akwai wani wasa da ake kira Go, ɗan asalin ƙasar Sin ne, ya shekara sama da dubu biyu ana yin sa. Ka ɗauke shi kamar dara amma filinsa layi 19 tsaye 19 kwance, gurbi 361, ana jera duwatsu baƙi da fari kowa yana neman kewaye fili. Tun 1997 na'urar IBM mai suna Deep Blue ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a wasan ces, amma Go ana ganin ya fi ƙarfin lissafi zalla saboda yawan hanyoyinsa, sai da ido da gogewa. Kamfanin DeepMind ya kawo na'urarsa AlphaGo ta kara da Lee Sedol, ɗaya daga cikin gwanayen duniya, wasa biyar. A wasa na biyu, a sakawa ta 37, na'urar ta ajiye dutse a layi na biyar daga gefe, wurin da duk wanda ya koyi wasan an hana shi sakawa a irin wannan lokaci. Masu sharhi suka ɗauka kuskure ta yi. Shi kansa Lee sai da ya yi sama da minti goma yana kallon allon kafin ya mayar. Da wasa ya yi nisa sai ga dutsen nan ya zama ginshiƙin da komai ya rataya a kai, ta cinye. Ita kanta na'urar lissafinta ya nuna cewa damar da ɗan Adam zai yi wannan sakawa ɗaya ce cikin dubu goma, amma ta yi, saboda ta buga wasa da kanta sau miliyoyi ta ga abin da ba a gani ba. An tashi 4 da 1. Shekara ɗaya bayan haka suka yi wata da ba a nuna mata wasan mutum ko ɗaya ba, dokoki kawai aka ba ta, bayan kwana uku tana wasa da kanta ta doke waccan ta farkon 100 da babu.

Ka faɗa min tsakani da Allah, da wani saurayi ne ya yi wannan sakawar me za mu kira ta? Fasaha za mu ce. Sabuwa ce, tana da amfani, ta ba gwanaye mamaki, kuma yau mutane suna koyonta. Ban ga adalci ba a ce don na'ura ce ta yi sai mu canza mata suna. Haka a kimiyya, wata na'urar DeepMind mai suna AlphaFold ta iya hango yadda sinadaran furotin na jikin halittu ke naɗewa, matsalar da masana suka yi kusan shekara hamsin suna fama da ita, har Demis Hassabis da John Jumper na kamfanin suka samu rabin kyautar Nobel ta kemistiri a 2024 saboda ita. A Yulin 2025 ma na'urorin Google da OpenAI sun warware tambaya biyar cikin shida na gasar lissafi ta duniya ta 'yan sakandare, makin da ke ba mutum zinare. Duk wanda ya ce maka ba komai a ciki bai bi labarin ba.

Amma tsaya ka ji ɗaya ɓangaren, don shi ne ya fi shafar ka. A 2023 wani ɗan Amurka da ba ƙwararren ɗan wasa ba ne ya doke wata na'urar Go mai ƙarfin gaske sau 14 cikin wasa 15. Yadda ya yi shine wata manhaja ta gano masa wani rauni, sai ya riƙa kewaye duwatsunta a hankali da babban zobe yana ɗauke mata hankali a wani gefen, ita kuma ba ta ankara ba har aka rufe ta, abin da ɗan wasa matsakaici zai hango tun daga nesa. Kaga irin basirar kenan, ta yi tsawo ta wani gefe har ta wuce kowa, ta wani gefen kuma rami ne. A 2023 ɗin dai wasu lauyoyi a New York suka shigar wa kotu takarda da hukunce-hukuncen baya da ChatGPT ta ba su, aka duba aka ga shari'o'in nan ba a taɓa yin su ba, ita ta shirya su da sunaye da lambobi tsaf, alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Abin da ke damuna a nan ba kuskuren ba ne, kowa yana kuskure, muryar ce. Da muryar da take faɗin gaskiya da ita take shaci-faɗi, ba rawar baki ba sunkuyar da kai.

Kuma mu 'yan Adam muna da saurin ruɗuwa da duk abin da ya iya magana. A 1966 Joseph Weizenbaum a jami'ar MIT ya yi wata ƙaramar manhaja ELIZA da ba abin da take yi sai juya maka maganarka ta zama tambaya, amma sakatariyarsa da ta san shi ya rubuta ta, bayan ta ɗan yi hira da ita sai ta roƙe shi ya fita daga ɗakin. Iya zance daban, sanin abin da ake faɗa daban, wannan Bahaushe ya daɗe da saninsa.

Yanzu mu zo kan waƙarka. Na taɓa sa wata na'ura ta rubuta min 'yar ƙwar biyu da Hausa, na kai wa wani dattijo da ya daɗe yana rubuta waƙa, ban faɗa masa daga ina take ba. Ya riƙe wayar nesa da ido ya karanta, amsa-amon ya zauna, duk baitocin sun ƙare da harafi ɗaya, kalmomin ma ba laifi. Sai ya miƙo min ya ce in rera. Na fara, ɗango na farko ya tafi, ina shiga na biyu sai harshena ya sarƙe, dole sai na ja wata gaɓa da ba ta jawuwa ko na haɗiye wata, shi kuma yana buga yatsa a gwiwa, inda karin ya karye yatsan ya tsaya a sama. Bai ce komai ba sai da na gama, sannan ya tambaye ni ko wanda ya rubuta kurma ne.

Kuma wallahi ya canka daidai, ga dalilin. Karin rubutacciyar waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake tafiya, mai nauyi da marar nauyi, shi ya sa malamanmu suka iya ɗora ta a kan ma'aunan aruli. Amma rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali kuma ba ya nuna karin sauti. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, a baki kuwa ɗaya gajere ɗaya dogo. Fari na launi, fari na rashin ruwa, da fari na ɗan fari, duk haruffa huɗu ne iri ɗaya. Kai da ka sha Hausa a nono kunnenka ne ke cike maka abin da takarda ta bari, ita kuwa takardar kawai ta gani, kuma Hausar da ke intanet ɗan kaɗan ce in ka gwada da Turanci. Sai dai ba zan ruɗe ka ba, wannan gyaruwa zai yi. Ana horar da sababbi da murya yanzu, kuma ranar da aka ba su isasshen sautin Hausa kari zai zauna. Kada ka jingina da wannan bangon.

Abin da nake so ka duba ya fi wannan zurfi. Ka koma ka karanta waƙar daminar da ta ba ka. Na tabbata akwai tsanwa a ciki, akwai manoma suna murna, akwai godiya ga Allah, duk daidai ne, irin abin da kowa zai faɗa ne, don an gina ta ne ta nemo abin da ya fi dacewa ya biyo baya, kuma abin da ya fi dacewa shine tsaka-tsakin abin da dubban mutane suka riga suka faɗa. Amma akwai daren da hadari ya haɗu ya yi baƙi ƙirin kowa ya fito da bokiti sai iska ta watsa shi? Akwai mahaifinku tsaye a bakin gona da asuba yana tona ƙasa da yatsa ya ga ko irin da aka binne ya ruɓe, ga bashin taki a wuyansa? Akwai katangar da ta jiƙa ake kwana ana sauraronta? In ka faɗa mata waɗannan za ta saka su, ta ma iya saka su da kyau, amma kai ne ka kawo, saboda kai ne abin ya ci. Ita ba ta da gona, ba ta da uba, in an yi fari ba abin da za ta rasa.

Wata farfesa 'yar Ingila, Margaret Boden, ta raba ƙirƙira gida uku, akwai haɗa tsofaffin abubuwa ta sabuwar hanya, akwai zurfafa bincike a cikin fili mai dokoki har ka gano lungun da ba a taɓa shiga ba, sannan akwai canza dokokin filin kansu. Na farko na'ura ta iya shi sosai, na biyu shine sakawa ta 37. Amma ka lura duk inda ta yi abin mamaki akwai shinge kuma akwai alƙali, a Go an san wanda ya ci, a lissafi ana iya duba hujja, a furotin ana iya gwadawa a ɗakin bincike. Mutane ne suka kafa shingen, su suka ce wannan matsala ita ce ta cancanci a kashe mata lokaci. AlphaGo ba ita ta ga cewa duniya na buƙatar wasa ba, kuma ChatGPT ba ta tashi da tsakar dare wani baiti ya hana ta barci ba, tana nan shiru sai ka taɓa ta. A waƙa kuwa babu allon da zai nuna an ci, alƙalin zuciyar mai sauraro ce, kuma rabin aikin mawaƙi shine sanin me ya kamata a faɗa, ga wa, a wane lokaci, da me ya kamata a bari a ciki.

Wannan shi ya dawo da mu kan hankali. A wurinmu hankali ba iya warware matsala ba ne kawai, haɗe yake da ɗaukar nauyi. Ko a fiƙihu ai hankali sharaɗi ne na hawan hukunci a kan mutum, shi ya sa aka ɗauke alƙalami daga yaro da mai barci da wanda ya zautu. Mai hankali shine wanda in ya faɗi magana za a iya riƙe shi da ita, ya ji kunya in ta zama ƙarya. Da aka kama shari'o'in bogin nan ba na'urar aka ci tara ba, lauyoyin aka ci, kuma haka ya dace. Ta wannan ma'anar ni ban kira ta mai hankali ba, duk da na yarda tana da dabara da hazaƙa da wani irin fasaha na gaske.

Batun ko tana fahimta a can ciki, ko tana jin wani abu, masana sun daɗe suna ja. Masanin falsafa John Searle a 1980 ya kawo misalin mutumin da aka kulle a ɗaki bai iya Sinanci ba, aka ba shi littafin dokoki, ana turo masa takardu yana duba littafin yana mayar da amsa daidai, na waje suna zaton ya iya yaren alhali ko kalma ɗaya bai gane ba. Wasu suka mayar masa cewa ai ba mutumin za a duba ba, ɗakin gaba ɗaya da littafin za a duba, tunda ƙwayar ƙwaƙwalwarka guda ɗaya ma ba ta jin Hausa amma kai kana ji. Geoffrey Hinton, wanda ya samu Nobel ta fizis a 2024 kuma yana cikin iyayen wannan fanni, yana ganin suna fahimta da gaske, Bender da irinsu sun ce a'a. Ka yi hattara da duk wanda ya yanke maka wannan da gatari ɗaya, musamman in yana da abin sayarwa.

Shawarata gare ka a aikace, kada ka ce ta rubuta maka waƙa ka sa sunanka, wannan cin amanar masu sauraronka ne kuma hannunka zai mutu. Amma ka yi amfani da ita kamar abokin gwaji. Ka rubuta naka tukuna, sannan ka sa ta rubuta nata a kan jigon, ka ajiye su gefe da gefe, duk ɗangon da naka ya yi kama da nata ka san a nan ka faɗi abin da kowa zai faɗa, ka soke shi ka sake. Ka tambaye ta kalmomin da suka ƙare da harafin da kake nema, ka tambaye ta yadda mawaƙan wasu ƙasashe suke gina baiti, amma duk wani tarihi ko suna ko nassi da ta ba ka sai ka tabbatar a wani wuri kafin ka ɗauka. Kari kuwa ka auna shi da bakinka da kunnen dattawa. Kuma waƙar daminar nan da ka ce ka yi sati kana fama da ita, ka turo min ita yadda take, har da wuraren da ka soke, ina so in gani.